Rariyar Hafizu

Wanda duk ya sauka daga jirgin ruwa a Yelwa ya ɗaga kai, bayan hayaƙin masu bandar kifi, abin da zai fara gani shi ne dogon ƙarfen Hafizu, tsaye a bayan wani shago mai shuɗin fenti. Daga kan ƙarfen nan Hafizu yake sayar wa mutane intanet. Makarantu suna saye, masu kemis suna saye, ƙungiyar dillalan kifi ma ta saya, har can wajen Wara ta ƙasar Ngaski akwai masu kama shi idan hadari bai taso ba. Duk wanda ya saya kuma, Hafizu yakan buɗe masa akwatin imel da sunan shagon, Gungu Net. Adireshin shagon kansa yana rubuce a bango da manyan haruffa, yadda ko ɗan aji uku zai karanta daga tsakiyar titi.

Hafizu mutumin kirki ne, kada a ce ban faɗa ba. Sai dai kirkinsa irin wanda ba ya shawara ne. In ya ga kana gumi, ba zai tambaye ka ba, sai dai ka ji ya cire maka hula. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan, Inna ta sakar masa komai. Ƙanwa ɗaya gare shi, Zulai'atu, kuma shi ya aurar da ita ga abokinsa na ƙuruciya, Lawali, ɗan masunta. Lawalin nan shi ya hau ƙarfen ranar da aka ɗaura eriyar farko, don shi mai ƙarfen jiri yake gani da ya wuce tsayin katanga.

Auren bai daɗe ba kifi ya yi ƙaranci a tafkin Kainji. Lawali ya bi ayarin masunta suka hau kogin Kwara zuwa ƙasashen sama inda ake Faransanci, kamar yadda iyayensa suka saba tun kafin a tare ruwa a Kainji. Ya ce zai dawo da baƙin ruwa, wato cikar kogin da ke zuwa bayan kaka. Da farko yana bugo waya duk ranar kasuwa. Daga baya wayar ta daina shiga. Baƙin ruwa ya zo ya wuce, wasu daga cikin ayarin suka dawo da labari guda: 'yan bindiga sun auka wa sansaninsu, kowa ya yi ta kansa. Ba wanda ya ga gawar Lawali, ba kuma wanda ya ga inda ya nufa.

Zulai ta dawo ɗakin Inna, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Abu ɗaya take nema a duniya, ta san ko mijinta yana da rai, don in yana da rai ita ba ta ƙi ta tsufa tana jiransa ba.

Hafizu ya yi abin da ya iya. Ya rubuta cigiya, ya haɗa da hoton Lawali da adireshin shagon, ya watsa a intanet da Hausa da Turanci da wani gurgun Faransanci da na'ura ta fassara masa. Daga ranar kuwa akwatin shagon bai sake hutawa ba. Zulai ta yi sakandare, tana karanta Turanci daidai gwargwado, saboda haka kullum da hantsi in ta gama wanke-wanke sai ta zuro hijabi ta zo ta zauna gaban kwamfutar da ke kusurwa. Ba abin da take tsallakewa. Mai tallar maganin ƙiba, mai cewa ta ci cacar da ba ta saka ba, matar wani attajiri da ya mutu ya bar dukiya ba magaji, duk sai ta bi su layi-layi har ƙasa, ko da sunan Lawali ya maƙale a wani wuri. Hafizu yana gyaran waya yana satar kallonta, abin yana cin ransa.

Rannan sai ga sunan. Wasu suka rubuto cewa Lawali yana hannunsu, ya ji rauni, yana kwance a wani asibiti a bakin iyaka, a turo katin shaida da kuɗin magani. Har da hoto. Hafizu kallo ɗaya ya yi masa ya gane hoton cigiyarsa ne aka naɗa wa bandeji a ka.

"Ƙarya ta, Zulai. 'Yan damfara na."

"In kuma gaskiya ta fa, Yaya?"

"Ki dubi rigar. Rigar ranar suna ta, wadda nis saka cikin cigiya."

Ta duba, ta tashi ta koma gida, ya ɗauka ta haƙura. Ashe ta bayansa ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnen aurenta ta tura. Ana karɓa aka rufe layi. Ba asarar keken ce ta kwantar da ita ba, a'a, ta riga ta share ɗaki ta wanke zannuwan gado, har ta sa an sayo mata kaza. Ta kwanta ciwo har sai da Inna ta fara kiran malamai, ƙashin wuyanta duk ya fito. Shekarar kuwa ita ce ta tashin hankalin Birnin Yauri, lokacin da aka kwashi ɗalibai. Zuciyar kowa a ƙasar ɗanya ce, kalmar "yana hannunmu" kaɗai ta isa ta zaunar da ƙato.

Hafizu ya rantse irin wannan saƙo ba zai sake isa idon ƙanwarsa ba, ba kuma zai isa idon duk wanda ke sayen intanet a hannunsa ba. Ya samu abokin sana'arsa, Daniel, mutumin Ngaski wanda suka yi karatu tare suka kuma kafa shagon tare, ya ce za su sa rariya a bakin akwatunan mutane gaba ɗaya, ta riƙa tace saƙonni tun kafin su shiga.

"A sa, ban ƙi ba," in ji Daniel. "Amma abin da ta tare a ajiye shi gefe guda. Mai akwati ya leƙa in yana so."

"Ba ka san Zulai ba. In ka aje shara gefe, can za ta koma da zama. Gogewa za a yi, ba ta gani ba, ba ta ji ba."

"Hafizu, mu masu jirgi ne. Namu mu haye da kayan mutum. Ba namu ba ne mu kwance ƙunshinsa a tsakiyar ruwa mu zubar da wanda bai yi mana ba."

"Mai jirgi in ya ga maciji cikin ƙunshin fa? Sai ya kai ma mai shi har gida?"

"Ya nuna masa."

"Na nuna mata. Ka ga abin da nunin ya yi."

Daniel ya ce dai a tambayi masu akwatunan. Hafizu ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya je taron dillalan kifi, ya zaga makarantu, ko'ina tambayarsa ɗaya: kuna so a ci gaba da kawo muku saƙonnin 'yan damfara, ko a raba ku da su? To wa zai ɗaga hannu ya ce shi a bar masa shara? Kowa ya sa masa albarka. Bambancin ajiyewa gefe da gogewa kuwa, bai ga dalilin wahalar da dattawa da shi ba.

Ya zauna da kansa ya koya wa rariyar aikinta, kuma da saƙon da ya kwantar da Zulai ya koya mata. Duk saƙon da ya fito daga wajen ƙasa, mai Turancin na'ura, mai cewa ɗan'uwanku yana hannunmu, mai neman katin shaida ko wata takarda, a goge shi nan take, kada ko inuwarsa ta rage. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Zulai kuwa, bai gaya mata komai ba.

A yi masa adalci, abin ya yi aiki. Da ta warke ta dawo kusurwarta, sai ta tarar akwatin fayau, daga saƙon masu sayar da batir sai na masu neman a gyara musu layi. Ta zo, ta zo, har ta rage zuwa. Ta fara cin abinci, kumatunta suka dawo, ta karɓi aron keke a maƙwabta ta koma ɗinki. Inna in ta idar da salla sai ta juyo ta ce, "Allah shi yi ma albarka, Hafizu," ba tare da ta san abin da ya yi ba, ita dai ta ga 'yarta ta dawo. Sau ɗaya wani shugaban makaranta ya zo yana faɗa, wai an gayyace shi wani taro a waje saƙon bai iso ba. Hafizu ya ba shi haƙuri, ya gyara masa nasa akwatin, ya raka shi har bakin titi. Daniel ya ɗago ya dube shi, shi kuwa ya shiga neman wata sukurudireba da ke cikin aljihunsa.

Shekaru suka tura. Masu neman Zulai suka fara aike, tana korarsu. Cikinsu akwai wanda bai yi fushi ba, Modibbo, mai injin casar shinkafa a Shanga, wanda matarsa ta rasu ta bar shi shi kaɗai a gida. Mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa matsa mata ba, in ya shigo Yelwa sai ya gaida Inna ya wuce. Hafizu ne ya matsu. Yana ganin ƙuruciyar ƙanwarsa tana tafiya a kan jiran wanda wataƙila ƙasa ta daɗe da cinye shi.

Wata rana da la'asar ya same ta tana ɗinki a tsakar gida.

"Zulai, ki tsaya mu yi magana ta hankali. Mutumin nan ya san adireshin shagona kamar sunanshi. Kullum nan yake zama yana karanta shi a bango yana yi min tsiya. Da shina da rai, ko a rami yake, da ya sami wanda za ya rubuto mishi."

Ta tsayar da keken. "Ko sau ɗaya bai aiko ba?"

"Ko sau ɗaya."

Kuma wallahi ba ƙarya yake ganin yana yi ba. A ransa, in Lawali zai aiko, da Hausa zai aiko, da irin shaƙiyancinsa, ya fara da zagin ƙarfen da mai shi ya kasa hawa. Me zai haɗa wannan da rariya? Shirun da ya ƙera da hannunsa, shi ya ɗauko ya ajiye a gabanta a matsayin shaida, kuma shi ne farkon wanda ya gaskata.

Wannan magana ita ta karya ta. Abin da surutun dangi da nasihar malamai suka kasa, ita ta yi shi, domin Zulai ta san mijinta, ta san ba mai yin shiru ba ne in da numfashi. Suka je gaban alƙali. Hafizu ya tsaya ya ba da shaidar cewa ya yi cigiya ko'ina, kuma ba wani saƙo na gaskiya da ya taɓa zuwa. Alƙali ya bi abin da shari'a ta tanada a kan mijin da ya ɓata, aka cika wa'adi, Zulai ta yi takaba. Ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, ta yi wa Lawali sadaka. Bayan nan aka ɗaura aurenta da Modibbo, da yardarta, ta tare a Shanga. Shekara ta zagayo ta haifi 'ya mace, aka sa mata Aminatu. In Hafizu ya je ya ga ta yi ƙiba tana dariya, sai ya dawo yana jin ya sauke nauyin da mahaifinsu ya bar masa.

Ranar da Lawali ya dawo, farin ruwa, wato ruwan damina, ya cika kogi, jirage suna sauke mutane kusan a bakin kasuwa. Hafizu ya fito da safe da tsumma zai goge faifan sola, sai ya ga wani ramammen mutum tsaye a tsakiyar titi da 'yar jaka, yana kallon bangon shagon, leɓɓansa suna motsi. Gemunsa ya yi furfura, kafaɗa ɗaya ta karkace. Sai da mutumin ya sauke ido suka haɗa, tsumman ya faɗi daga hannun Hafizu.

"Bai canza ba," in ji Lawali. "Ina ta cewa ko kun canza adireshin na."

Hafizu ya rungume shi yana salati, hawaye suna zuba. Lawali ya bari aka rungume shi, amma hannuwansa suna ƙasa. Aka shiga ciki, Daniel ya kawo ruwa, ya koma gefe. Tun a bakin ruwa an riga an gaya wa Lawali inda Zulai take, don bakin ruwa ba ya riƙe magana.

Ya ba da labarinsa a hankali, kamar na wani. 'Yan bindigar sun tafi da su ne don su riƙa haye da su kogi. Ana nan sojojin ƙasar suka yi musu dirar mikiya, suka kwashe kowa, mai bindiga da mai filafilin tuƙa jirgi, aka zuba su gidan tsaro guda. Shi ba waya, ba takarda, ba mai jin Hausa sai ɗaiɗai. Daga baya wasu ma'aikatan agaji suka fara zuwa duba fursunoni, cikinsu da wata mata mai kwamfuta. Ta ce in zai samu shaida daga gida cewa shi masunci ne na Yauri, ko katinsa ko takardar mai unguwa, za su tsaya masa a sake shi. Lambar waya ɗaya ya haddace, ta Hafizu, ita kuwa tsohon layi ce da ya daɗe da mutuwa. Sai ya tuna bango.

"Na hwaɗa mata harafi-harafi. Ta rubuta da Faransanci, na'urarta ta juya shi Turanci. Duk zuwan da sunka yi sai na ce a ƙara aikawa. Har ta kai in ta hango ni sai ta girgiza kai tun daga nesa." Ya juya kofin da ke hannunsa. "Ni ba faɗa niz zo yi ba, Hafizu. Abin da Allah ya rubuta ya rubuta. Amma ka hwaɗa min, mi niy yi muku? Ko kalma guda. Ko ku ce mun gani, ba mu iyawa."

Hafizu ya ce, "Mi ta rubuta a ciki?"

"Mi za ta rubuta? Ɗan'uwanku Lawali shina hannunmu. Ku turo katin shaida."

Hafizu ya san kalmomin nan. Da yatsunsa ya buga su, a kan kujerar nan da Lawali yake zaune. Ya tashi ya je gaban kwamfuta, ya buɗe nan ya buɗe can, alhali ya fi kowa sanin ba abin da zai tarar. Ya juyo wajen Daniel.

"Ba wani wurin da zai rage? Ko a can ƙasa?"

"Babu," in ji Daniel a hankali. Bai ƙara komai a kai ba, kuma Hafizu ya so a ce ya ƙara, ko zagi ne.

Ya dawo ya durƙusa a gaban abokinsa ya yi masa bayani. Da ƙyar Lawali ya fahimta, don shi a saninsa saƙo ko a karanta shi ko a ƙi karantawa.

"Wa ya karanta?"

"Ba kowa."

"To wa ya yar?"

"Na'ura."

"Ita ta sa kanta?"

"Ni nis sa ta."

Hafizu yana jiran mari, ko tsinuwa, ya kuma shirya karɓa. Sai ya ga kafaɗun mutumin sun sauka, ya saki wani dogon numfashi.

"Ashe ba ta gani ba," in ji shi. "Alhamdu lillahi. Ashe ba gani ta yi ta ƙyale ba."

Wannan godiyar ta fi mari zafi. Lawali ya share fuska da hannun riga, har da ɗan murmushi. Ya ce shi ma ya san duniya ta cika da maƙaryata, shi ya sa duk saƙon da za a aika sai ya sa matar ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, wanda Zulai kaɗai za ta gane. Suna amarci ya taɓa fita da ita a ɓoye zai koya mata tuƙin kwalekwale, ita da ke tsoron ruwa kamar kyanwa. Ta kifar da su a gaɓa, ta kama kalmar shahada da ƙarfi tana bankwana da duniya, alhali ruwan iya gwiwa ne. Ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba.

"Shi nike sawa a rubuta. A tambaye ta ranar da ta yi shahada a ruwa iya gwiwa."

Malamai sun faɗi abin da kowa ya riga ya sani, aure na biyu ya tabbata tunda an tare har da haihuwa. Lawali bai ja ba. Ya ce zai wuce wurin danginsa a wani gungu, wato tsibiri, da ke ƙasan Wara, akwai ƙanen babansa mai jirgi. Kafin ya tafi ya roƙi abu guda.

"Ka hwaɗa mata na aiko. Ba don komai ba. Kada ta zauna tana ganin na samu wuri na manta da ita."

Inna da ta ji, sai ta riƙe hannun Hafizu. "Kul. Yarinya tana ɗakinta lahiya, tana goyo. Ka ce mata ya dawo, Allah ya kuɓutar da shi, shi ke nan. Mi sanin zai ƙara mata in ba ciwo ba?"

Maganar ta shige shi, don irin tasa ce. Ya kwana biyu yana juya ta, kuma duk ta inda ya duba sai ya ga Inna ta fi shi gaskiya. Zulai za ta ji zafi, gidan Modibbo zai yi sanyi, shi kuma ƙanwarsa ba za ta sake kallonsa da idon da ba. Abin da ya tayar da shi ya hau babur kawai shi ne, ya gane sauƙin da yake ji in ya ce a ɓoye, irin sauƙin da ya ji ne ranar da ya sa rariya.

Ya isa Shanga da hantsi. Modibbo ya tarbe shi a ƙofar gida, ya dubi fuskarsa, ya ce shi zai leƙa inji, su gaisa. Zulai tana tsakar gida tana baza turararriyar shinkafa a kan tabarma, Aminatu a bayanta tana barci. Ta ji labarin dawowar tun jiya, idanunta sun nuna. Ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo ruwa, ta gaishe shi, ta tambayi Inna. Sannan ta koma ta ci gaba da baza shinkafarta.

Ya faɗa mata. Bai rage ba, bai kuma yi wa kansa ado ba. Ya faɗi rariyar, da abin da Daniel ya ce, da matar mai kwamfuta, da takardar da in an tura da an sake shi tun tuni. Hannunta bai tsaya ba, tana ta baza wurin da ta riga ta baza.

"Ta yaya zan san shi na?" in ji ta, ba ta ɗago ba. "Wancan ma haka sunka ce, shina hannunmu."

"Ya sa an rubuta wani abu a ƙasa. Wai a tambaye ki ranar da kinka yi shahada a ruwa iya gwiwa."

Dariya ta kuɓuce mata, 'yar gajeriya, irin wadda Hafizu bai ji ba tun tana amarya. Ta toshe baki da hannu. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye, ta zauna dirshan a kan shinkafar, kafaɗunta suna girgiza, ba sauti, don kada ta tada 'yar. Hafizu ya zauna yana kallon tabarma. Bai taɓa jin ƙanƙantar kansa irin ta wannan hantsi ba.

Da ta samu kanta ta share ido da bakin zane.

"Na san don ni ka yi, Yaya."

"Don ke niy yi."

"Da ka bar ni na gani. Ko ɗari sunka zo na ƙarya, zan karanta ɗarin. Ko cutata za a yi, da ka bari an cuce ni. Keke na, ana sayen wani."

Aminatu ta motsa, Zulai ta jijjiga ta har ta koma barci. Ta tambaye shi ko Lawali ya rame. Ya ce ya rame. Ta tambaya ko yana da wurin zama. Ya ce yana wurin ƙanen babansa. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta karkaɗe shinkafar da ta manne mata a zane.

Ta rako shi har zaure, abin da ba ta saba ba. Ya tura babur waje, ya sa hula, yana shirin tayarwa ta kira shi.

"Yaya. In ka gan shi, ka ce mishi..."

Ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya, yana jira. Ya ƙudurta a ransa ko mene ne zai kai shi har gungun, kalma-kalma, ko da zai ƙone masa baki. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Daga can bayan gari ana jin ƙarar injin Modibbo.

"A'a, bar shi," in ji ta. "Ka gaida Inna."

Ta saki labulen zauren ta koma ciki.